Karatun Aku Iri Biyu Ne: Sharhi a Kan Littafin Magana Jari Ce

  

Ni malamin yaƙi da jahilci ne a nan ƙasar Matameye. Kowace shekara da rani muke buɗe aji, bayan an gama aikin gona. Mukan yi ƴan watanni muna fama da baƙi da wasali. In hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai kowa ya ɗauki hauyarsa, aji ya watse. To, ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. In kaka ta wuce muka sake haɗuwa, sai in tarar da yawa cikin waɗanda suka iya haɗa baƙi sun koma kamar ba su taɓa riƙe alli ba.

Wani dattijo mai noman rake a fadama ya taɓa zuwa wurina da takardar asibiti, yana so in karanta masa sunan magani da lissafin kwanakin sha. Shi kuwa yana cikin waɗanda suka fi ƙoƙari a ajinmu. Na ce masa, "Baba, ai kai ma ka san lambobin nan." Ya ce, "Malam, karatun nan naku ruwa ne a kwando. Da na juya baya ya tsiyaye." Na ce, "Baba, tun da muka rabu me ka karanta?" Ya ce, "Me zan karanta? Littafin aji na haddace shi kaf. Ko cikin duhu sai in kawo maka shi daga farko har ƙarshe."

Wannan amsa ta daɗe tana yi mini yawo a rai. Laifin ba nasa ba ne. Mun ba shi hauya, ba mu nuna masa gona ba. Littafin aji na koyon baƙi ne, in an gama shi an gama. Wanda ya yi ta maimaita shi har ya haddace, bakinsa ne ke aiki, idonsa ya kwanta barci. Shi ya sa yau na ɗauko wani littafi da nake ba waɗanda suka gama aji, don mu duba shi tare. Zan faɗi amfaninsa, zan faɗi aibinsa, sa'an nan in faɗi yadda ya kamata a karanta shi. Sunan littafin Magana Jari Ce.

Aku na gida da aku na littafi

Kafin mu buɗe shi, bari in yi maka misali. Ka san aku, tsuntsun nan da ake ajiyewa a keji. In ka yi masa sallama kullum, wata rana shi ma zai yi maka sallama. Amma bai san abin da ya faɗa ba. Ko ɓarawo ne ya shigo da tsakar dare, sallamar zai yi masa. Akwai karatu irin wannan. Mutum ya bi layi da yatsa, ya furta kowane baƙi daidai, in ka ce masa me aka ce, sai ya yi shiru.

Ka duba takardar kuɗi. An rubuta 500 a jikinta. Mai karatun aku zai ce ɗari biyar, ya tsaya nan. Mai karatu da hankali ya san dala ɗaya tamma biyar ce, saboda haka wannan takarda dala ɗari ce a bakin kasuwa. In ya ga 1000 ya san jikka ɗaya ce, wato dala ɗari biyu. Furta abin da aka rubuta daban, gane shi daban. Ganewar ita ce ke hana a cuce ka.

A cikin littafin da za mu duba akwai wani aku, amma shi ba irin na keji ba ne. Yana jin magana, yana auna ta, yana zaɓen labarin da ya dace da lokaci. Duk sharhin nan nawa a kan abu ɗaya yake: ka bar karatun aku na keji, ka koyi na akun littafin nan.

Wanda ya rubuta shi

Alhaji Abubakar Imam ne ya rubuta Magana Jari Ce. An haife shi a Kagara, cikin Nijeriya, a shekarar 1911. Ya yi karatun addini a gida, ya kuma yi makarantar horon malamai ta Katsina, ya zama malamin makaranta a can. A 1933 wani Bature mai suna Rupert East, wanda ke riƙe da ofishin fassara da talifi a Zariya, ya sa gasar rubuta labari da Hausa, don ya ga an koya wa mutane boko amma babu abin karantawa. Abubakar Imam ya shiga gasar da littafinsa Ruwan Bagaja, wanda aka buga a 1934. Cikin wannan gasa ne kuma aka sami Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Ganɗoki na Bello Kagara, wan Imam.

A 1936 aka ɗauko Imam daga Katsina zuwa Zariya. Ya zauna wata shida yana rubutu, yana ɗan shekara 25 kawai. Abin da ya fito shi ne Magana Jari Ce, littafi uku, aka buga su tsakanin 1937 da 1939. Labaran da ke ciki sun fi 80. A 1939 ya zama editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ya rasu a Zariya a 1981.

Ka lura da abu ɗaya. Damuwar da ta sa aka rubuta littafin nan ita ce damuwarmu ta yau: an iya baƙi, ba abin karantawa. Mu ma a Nijar, da aka fara yaƙi da jahilci a farkon shekarun 1960, an gane haka. Shi ya sa aka riƙa buga ƙananan jaridu da Hausa, irin su Gangaa da Saabon Ra'ayii, don wanda ya fita aji ya sami abin da zai riƙa wasa ido da shi.

Abin da ke ciki

Littafi na ɗaya ya fara da labarin wani sarki, Abdurrahman ɗan Alhaji, wanda ya daɗe bai sami ɗa namiji ba. Daga baya Allah ya ba shi Musa. Wazirinsa kuwa yana kwaɗayin sarauta, yana neman hanyar da zai halaka yaron. Yaƙi ya tashi tsakanin sarkin da Sarkin Sinari. Sarki ya fita daga, ya bar Musa a gida, ya danƙa amanarsa ga wani aku mai hikima da aka saya daga hannun wani Balarabe. Musa na so ya sulale ya bi mayaƙa, ga kuma tarkon waziri na jiran sa a waje. Aku ba shi da takobi, ba shi da ƙarfin da zai tare ƙofa. Sai ya riƙa ba Musa labari. Kowane dare in Musa ya yi shirin fita, aku ya jawo wani labari, har gari ya waye. Da haka ya tsare ransa har sarki ya komo. Asirin waziri ya tonu, aka naɗa aku waziri.

A littafi na biyu akun ya yi gasar ba da labari da wani aku mai suna Haziƙ. A na uku kuwa ya zauna yana koya wa ɗansa Fasih sana'ar magana.

Ba duk labaran ne Imam ya ƙaga ba. Ya ɗebo daga tatsuniyoyin Hausa, da littattafan Larabawa irin su Dare Dubu da Ɗaya, da tatsuniyoyin Jamus, da waɗansu wurare. Ita kanta dabarar aku mai tsare mutum a gida da labari tsohuwa ce a littattafan Indiya da Farisa. Amma ya ɗinka wa kowane labari riga ta Hausa, har ka rantse a Katsina ko Daura abin ya faru.

Amfaninsa ga sabon mai karatu

Na farko, labaran gajeru ne. Da yawa cikinsu shafi biyu ne ko uku ko huɗu. Manomi da ya wuni a gona ba zai iya doguwar tafiya cikin takarda ba. Amma in ya san ƙarshen labari na nan kusa, sai ya daure. In ya kai ƙarshe ya ji daɗi, gobe ma ya dawo. Kuma da yake ran Musa na cikin hatsari, kana gama labari ɗaya sai ka so ka ji ko yaron ya fita ko bai fita ba. Igiyar da aku ya ɗaure Musa da ita, da ita Imam ya ɗaure mai karatu.

Na biyu, Hausar littafin Hausar baki ce. Mutane na gardama, suna ciniki, suna rantsuwa, suna zolaya, kamar yadda muke yi a gindin bishiya. Wannan babban taimako ne. In kunnenka ya riga ya san magana, idonka ba ya wahala wajen gane ta. Ka karanta rabin jimla, sauran rabin ya zo maka da kansa, sai dai ka duba ka tabbatar. Da yawa cikin labaran ma da karin magana aka yi musu suna. Ka riga ka san karin maganar tun kana yaro. To, kafin ka fara, tambayi kanka: wane irin labari ne zai dace da wannan suna? In ka shiga karatu da tambaya a ranka, ba za ka yi gyangyaɗi ba.

Na uku, akwai ban dariya. Kada ka raina wannan. A wurina dariya ita ce jarrabawa mafi gaskiya. Akwai labarin Kalala da matarsa Kalalatu. Matar ta cinye kajin da aka soya don baƙo. Sai ta tsorata baƙon da wuƙar da mijinta ke wasawa, ya zura da gudu. Ta juya ta ce wa mijin baƙo ya gudu da kaji. Miji ya bi shi da wuƙa a hannu yana roƙo, baƙo kuwa yana ƙara mai. Ranar da na ba wata ƙungiya wannan labari, na zauna ina kallon fuskokinsu. Wanda ya kai wurin gudun ya fashe da dariya, na san ya gane. Wanda ya wuce wurin fuska a murtuke, na san baƙi kawai yake furtawa, sai in koma kusa da shi mu sake bi tare. Aku na keji ba ya dariya.

Na huɗu, yadda Imam ya sarrafa labaran waɗansu ƙasashe darasi ne a kan karatu. Labarin Sarkin Busa asalinsa daga wani gari ne na Jamus mai suna Hamelin, inda aka ce wani mai busa ya raba mutane da ɓeraye, suka hana shi ladarsa, ya rama a kan ƴaƴansu. Imam bai kwafe shi baƙi bayan baƙi ba. Ya karanta, ya gane, ya rufe littafi, ya faɗe shi da bakinsa da kayan garinsu. Wannan ita ce alamar wanda ya fahimci abu. In ba ka iya faɗin abin da ka karanta da kalmominka ba, to bai shiga ba tukuna.

Na biyar, littafi na uku ya nuna uba yana koyar da ɗansa a gida. Da labari yake koyar da shi. Wannan ya kamata kowane magidanci da kowace uwa su duba.

Aibinsa

Kowane allazi da nasa amanu. Ba zan ɓoye maka inda littafin nan ke ba mu wahala ba.

Aibi na farko, ƙofar shigarsa tana da tsauri. Kafin aku ya fara ba da labari, sai an bi dogon bayani na sarki da waziri da jika da ɗa da saƙon aure da shirin yaƙi. Sunaye sun yi yawa. Na ga mutane da dama sun gaji a nan, sun ajiye littafin, sun ce karatu ya fi ƙarfinsu. Alhali kuwa sauƙi na gaba.

Na biyu, ba don mu aka tsara shi ba. An yi shi ne don ƴan makaranta na Nijeriya ta Arewa, masu malami a gabansu kullum da ido garau. A bugun da ke hannuna rubutun ƙanana ne, layuka sun matsu, wani sakin layi sai ya cinye rabin shafi. Wata jimlar kuma doguwa ce, kafin sabon mai karatu ya kai ƙarshenta ya manta farkonta. Dattijo mai shekara 50 da ke karatu da fitila zai sha wuya.

Na uku, akwai kalmomin da suka yi mana nisa. Akwai na fada, akwai na Larabci da malamai ke sawa cikin zance, akwai kuɗin zamanin Ingilishi, su kwabo da sule da fam, waɗanda ko a Nijeriya an daina kashe sule da fam tun 1973 da aka kawo naira. Mu nan da dala da jikka muka saba. Hanyar rubutu ma ta ɗan bambanta. Inda muke rubuta ƴ, kamar a kalmar ƴaƴa, su suna rubuta 'y. Waɗanda kuma suka yi aji tun da can, lokacin da ake ninka wasali mai tsawo bisa tsarin taron Bamako na 1966, kamar yadda ka gani a sunan Gangaa, za su ga a nan ba a ninka ba. Wannan ba babban abu ba ne, kwana biyu ido ya saba. Amma in ba a gaya wa mutum ba, sai ya zaci shi ne ya yi kuskure.

Na huɗu ya fi nauyi. Duniyar littafin duniyar fada ce. Sarakuna da fadawa da attajirai ne suka cika shi. Bayi da kuyangi na shiga suna fita kamar ba komai. Mata kuma sau da yawa da makirci ko kwaɗayi ake nuna su. Bayan an gama dariyar Kalalatu, wata mata a ajinmu ta ce mini, "Malam, wanda ya rubuta wannan bai taɓa ganin macen da ta tashi da asuba ta yi daka, ta ɗebo ruwa, ta kai abinci gona ba?" Na ce mata, "Inna, wannan tambaya taki ta fi labarin daraja." Gaskiyarta. Littafin ɗan zamaninsa ne, an rubuta shi shekara kusan 90 da suka wuce. Ba duk abin da aka buga a takarda ne ake haɗiyewa ba. Mai karatu na ƙwarai yana da ikon ya ce, nan na yarda, nan ban yarda ba. Ranar da ka fara gardama da littafi, ranar ka fita daga keji.

Na biyar, ba zai koya maka duk abin da kake bukata ba. Babu yadda ake karanta buhun taki a ciki, ko takardar awo, ko katin rigakafin yaro, ko lissafin asusun ƙungiya. Dattawanmu na tune da lokacin kasuwannin gyaɗa na ƙungiyoyin manoma a ƙasar Matameye da Magarya, cikin shekarun 1960 da 1970, sa'ad da manoma suka koyi duba sikeli da rubuta lissafi da kansu don kada a tauye musu awo. Wannan irin karatu dabam ne, sai ka neme shi a wurinsa. Magana Jari Ce dutsen wasa wuƙa ne. Ba da shi ake yanka ba, amma wuƙar da ba a wasawa ba ta yanka.

Yadda za ka karanta shi

Da na auna amfani da aibi, hukuncina shi ne littafin ya cancanci a nema, in dai an san yadda za a bi da shi. Ga hanyar da muka gwada, ta kuma yi mana amfani.

Kada ka fara daga shafin farko. Nemi wanda ya fi ka ƙwarewa ya karanta maka labarin sarki da waziri da ƙarfi, kai kana saurare. In ka san su wane ne Musa da aku, sai ka zaɓi gajeren labari ka fara da kanka.

Ka yi kaɗan kullum. Minti 15 bayan sallar isha'i kowane dare ya fi wuni guda cur a wata. Sannu sannu kwana nesa. Da damina ma kada ka bari. Ko rabin shafi ne, ka yi. Wani masani Bajamushe mai suna Ebbinghaus ya gwada kansa, ya buga sakamakon a 1885. Ya ga mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko bayan an koyi abu, kuma bita da ake rarrabawa cikin kwanaki ta fi wadda ake tarawa a zama ɗaya. Malamanmu na allo sun riga shi sani. Bayan babbaƙu da farfaru, ba sa barin almajiri ya wanke allo sai karatu ya zauna, kuma kullum sai an koma baya an yi tilawa. Kai ma labarin da ka karanta yau, ka sake shi gobe, ka sake shi bayan mako guda.

Kowane labari ka bi shi sau uku. Na farko a hankali, kana haɗa baƙi. Na biyu don ka ji abin da ya faru. Na uku da ƙarfi, kana sauya murya, sarki da muryarsa, matsoraci da tasa. Ka kula da alamomi. Waƙafi wurin ɗan numfashi ne, aya wurin tsayawa ce. Su ne ke yanka maka doguwar jimla gunduwa gunduwa.

In ka ci karo da kalmar da ba ka sani ba, kada ka tsaya kanta kamar jaki a bakin rafi. Wuce ka gama jimlar, sau da yawa maƙwabtanta za su gaya maka ma'anarta. In ba su gaya maka ba, rubuta ta a littafin rubutunka, gobe ka tambayi liman ko malamin aji ko wani tsoho. Rubutawar ma karatu ce.

In ka gama, rufe littafin. Ka faɗa wa matarka ko mijinki ko abokin hira labarin da bakinka. Inda ka kakare, nan ne ba ka gane ba, sai ka buɗe ka duba wurin kaɗai. Sa'an nan ka amsa tambaya uku. Wa ya yi me? Don me ya yi? Da ni ne, me zan yi?

Ka riƙa auna saurinka. Yanzu kusan kowane gida akwai waya mai agogo. Wani ya riƙe maka minti ɗaya, ka karanta, ku ƙirga kalmomin da ka yi daidai, ka rubuta adadin da ranar. Bayan wata guda ku sake. Wata masaniya mai suna Helen Abadzi, wadda ta yi bincike a kan karatun manya tana aiki da Bankin Duniya, ta nuna cewa sai mutum ya kai wajen kalma 45 zuwa 60 a minti kafin ma'ana ta riƙa zauna masa da sauƙi. Dalili kuwa, ƙwaƙwalwa ba ta riƙe farkon jimla sai na ɗan lokaci kaɗan. In ka daɗe kana haɗa baƙi, kafin ka kai ƙarshe farkon ya zube. Wannan shi ne kwandon da dattijon nan ya faɗa. Ba tsufa ba ne, ba kuma rashin kai ba ne. Rashin sauri ne, maganinsa kuwa yawan bi.

In baƙi na yi maka hazo-hazo, ko kana nisanta takarda da fuskarka kafin ka gani, je a duba idonka. Da yawa cikin waɗanda suka wuce shekara 40 tabarau kawai suke bukata. Ka kuma zauna inda haske ke faɗa wa takarda, ba idonka ba.

Kada ka yi karatu kai kaɗai in da hali. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutum biyar na iya haɗa kuɗi su sayi littafi ɗaya, su sa mai zuwa Kano ta hanyar Ɗan Barto da Daura ya sayo musu. Kamfanin NNPC na Zariya ne ya daɗe yana buga shi. Ku zauna da dare, kowa ya karanta sakin layi ɗaya ya miƙa wa na kusa.

Ka jawo yaranka ƴan lakwal cikin zaman. Da yawa cikinsu suna furta Faransanci ba tare da sun san abin da suke faɗa ba. Wannan ma karatun keji ne. Yaron da ya ɗanɗana daɗin gane labari da harshen da ya sha a nono, zai nemi wannan ganewar a kowane harshe. Don haka ne aka buɗe ajin gwaji na koyarwa da Hausa a Damagaram tun 1973. A 2025 kuma hukuma ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Yaro ya fi ka saurin ido, kai ka fi shi sanin karin magana da zaman duniya. Shi ya taimake ka da baƙi, kai ka taimake shi da ma'ana. Ba abin kunya ba ne. Gemu ba ya hana ilimi.

Dattijon nan mai rake na ba shi aron littafi na ɗaya, na yi masa alama a gajerun labarai biyar. Da damina ta wuce ya dawo mini da shi, bangon ya yi laushi, akwai tabon ƙasa a gefen shafuka. Ya ce shi da jikansa suka yi ta fama. Ya ƙara da cewa, "Malam, wazirin nan na farko na san irinsa." Ban tambaye shi ko wane ne ba. Na miƙa masa wata takarda da bai taɓa gani ba, ya gyara zama, ya karanta ta a hankali har ƙasa, ya gaya mini abin da ta ce.

To, mai karatu, in ka kai wannan layi da kanka, kai ma ka yi nisa. Yanzu rufe mujallar nan, ka faɗa wa na kusa da kai abin da na ce, da inda ka yarda da ni, da inda ba ka yarda ba. Allah ya ƙara mana sani mai amfani, ya ba mu damina mai albarka. Amin.